Yadda ake haɗa allon koyon harbi da kayan 'yan gwangwan

Mai koyon harbi, da bindigar iska ne ko da kwari da baka, ba ya daɗewa yake gane cewa abin da yake harbi yana cin kuɗi kamar abin da yake harbin da shi. Takarda ta yage, kwali ya rarake, buhu ya fashe, kullum sai an sake. Allunan da kamfanoni ke ƙerawa suna da kyau, amma kusan duk abin da ke jikinsu akwai shi zube a wurin 'yan gwangwan, sai dai mutum ya san abin da zai ɗauka da abin da zai tsallake.

Aikin allo biyu ne. Yana nuna maka inda ka samu, sannan yana kashe ƙarfin abin da ka harba, ya hana shi wucewa, ya hana shi dawowa kanka. Na biyun ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne sabon shiga ke mantawa. Saboda haka ka nemi araha a ƙafafun allo, da firam, da abin da za ka cusa a ciki. Wuri biyu ne ban yarda a yi rowa ba: fuskar da harsashi zai daka, da abin da ke tsaye a bayanta.

Ina magana ne da wanda doka ta ba shi damar riƙe abin da yake harbi da shi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wasu wuraren har bindigar iska sai da lasisi, a wasu kuma ba a yarda a yi harbi ba sai a filin da hukuma ta amince da shi. Ka tabbatar da wannan tun kafin ka yanka katako.

Kayan aiki

- Tef ɗin awo, da alli ko maka
- Zarton katako da zarton ƙarfe
- Injin yankan ƙarfe na hannu, da faifan yanka da na gurza
- Injin huda da bakunansa
- Guduma, sifana biyu, filaya, wuƙar yankan kwali
- Magagari mai kaifi, da ƙusar ƙarfe mai tauri ta yin alama
- Ƙaramin maganaɗisu
- Safar hannu ta fata, tabarau na kariya, abin toshe kunne, takalmi mai kaurin ƙasa

Idan ba ka da injin yanka ko na huda, ba laifi. Allon kwali da na buhu ba sa buƙatarsu, aikin ƙarfen kuma kana iya kai wa mai walda ya yi maka, muddin ka tsaya a kansa ka gaya masa abin da kake so, don akwai abubuwan da ya saba yi waɗanda a nan ɓarna ne.

Kayan haɗi

Kwalaye masu kauri, tsummoki da tsofaffin tufafi, buhunan leda, ledar naɗe kaya, guntayen kafet, yashi, katako, rodi ko bututun ƙarfe, farantin ƙarfe, tsohon bel na roba ko tiyon kashe gobara, ƙusoshi masu noti da washa, da farin fenti. Ba duka za ka nema ba. Ka fara yanke shawarar irin allon da kake so, sannan ka rubuta abin da shi kaɗai yake buƙata.

Mataki na 1: Wuri da abin tare baya

Kafin allo, wuri. Ka tsaya inda za ka riƙa harbi ka dubi abin da ke bayan allon, ka ɗauka cewa ka kuskure shi gaba ɗaya. Ina harsashin zai je? Idan amsar ita ce hanya, ko gida, ko gona, ko dajin da ba ka ganin ƙarshensa, wurin bai yi ba. Ƙaramin harsashin nan mai lamba .22 da ake rainawa yana iya tafiyar fiye da kilomita 1.5 idan aka ɗaga bakin bindiga.

Abin tare baya mafi aminci shi ne tudun ƙasa mai laushi wanda babu duwatsu a cikinsa. Ya zarce allon tsawo sosai, ya kuma zarce shi faɗi ta dama da hagu. Idan babu tudu, ka cika buhuna da yashi ka jera su layi biyu, na baya yana rufe tsagar da ke tsakanin na gaba. Don bindigar iska da kibiya wannan ya wadatar. Don bindiga mai harsashin gaske kuwa, buhuna kaɗan ba sa maye gurbin tudu.

Kada ka dogara da bangon siminti, ko dutse, ko kututturen itace, ko ruwa. Dukansu suna karkatar da harsashi. Taya ma da mutane ke so ta fi su haɗari ga mai bindigar iska, domin ƙwayar dalma ba ta da ƙarfin huda ta, sai robar ta tunkuɗo ta kai tsaye inda ta fito. In za ka yi amfani da tayoyi, ka cika su da ƙasa, ka kuma binne fuskarsu da ƙasa ta yadda ba a ganin roba.

Mataki na 2: Shiga wurin 'yan gwangwan

Ka je da takalmi mai kauri da safar hannu, ka tabbatar allurar rigakafin tetanus ɗinka ba ta tsufa ba. A aljihu ka saka tef, da maganaɗisu, da magagari, da ƙusar alama. Ka gaida masu wurin, ka faɗa musu abin da kake nema, ka nemi izini kafin ka fara juya kaya. Sun san tarin nan fiye da kai, kuma idan kun saba za su riƙa ajiye maka abin da ya shigo. Kada ka hau tarin ƙarfe, kada kuma ka zaro abu daga ƙasansa.

Galibi da nauyi ake sayar da ƙarfe, don haka yana da kyau ka iya lissafi da ido. Faranti mai kaurin milimita 10, in faɗinsa mita ɗaya ne tsawonsa mita ɗaya, yana kai kilo 78.5. Wato guntu mai santimita 30 ta kowane gefe kilo 7 ne da ɗoriya. Wannan girman ya isa allo. Babu amfanin ka jawo ƙaton da ba za ka iya ɗagawa ba, sannan ka sha wahalar yanka shi.

Abubuwan da suka cancanci ka tsaya a kansu: rodi da bututu don ƙafafu, ƙarfe mai kusurwa don firam, ƙafafun tsohon gado ko tebur, bel ɗin roba na injinan jigilar kaya a masana'anta, tiyon kashe gobara, da katakon da ake ɗora kaya a kai a rumbunan ajiya. Wannan katakon yakan zo da tambari. Mai HT da zafi aka gyara shi, shi za ka ɗauka. Mai MB da maganin ƙwari aka turara shi, ka bar shi.

Ga waɗanda ba a ɗauka ko kyauta ne. Tukunyar gas, da tulun kashe gobara, da tankin mai, da duk wani rufaffen abu da ba ka ga cikinsa ba: ko ya yi shekaru a yashe, ragowar iskar ciki tana iya tashi da zarar faifan yanka ya taɓa shi. Batirin mota akwai ruwan guba a ciki. Duk abin da ya yi kama da tsohon harsashi ko bom, kada ka taɓa, ka sanar da masu wurin. Haka ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa, musamman mai tambarin fuka-fukai uku na gargaɗin tururin nukiliya. A 1987 a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu sun kwance wata na'urar asibiti da aka yasar suka sayar wa mai gwangwan, sinadarin da ke ciki ya kashe mutum huɗu, ya kuma shafi ɗaruruwa.

Akwai kuma waɗanda suke kama da allo mai kyau amma ba su ba ne. Faifan birki da murfin kwalabati ƙarfen zubi ne, tsagewa suke yi su watsa gutsattsari. Sifirin ɗin mota yana da tauri amma a lanƙwashe yake, ga shi yana karyewa. Tukunya, da kwano, da duk abu mai zurfi yana tattara ɓarɓashi ya turo maka. Fuskar allon ƙarfe dole ta zama shimfiɗaɗɗiya, sumul, babu rami, babu tudu, babu ɗinkin walda.

Mataki na 3: Gane ƙarfen da zai yi

A nan nake so ka natsu, don a nan ake yin kuskuren da ke jawo rauni. Mutane suna duba kauri, alhali tauri ne abin dubawa. Idan harsashi ya daki ƙarfe mai tauri, shi ne yake tarwatsewa, ɓarɓashinsa ya bazu gefe-gefe kusan daidai da fuskar farantin. Idan ƙarfen mai laushi ne, sai harsashin ya haƙa ɗan rami. Harbi na gaba da ya faɗa a bakin ramin nan ba gefe zai bazu ba, ramin zai juya shi ya dawo da shi baya. Faranti mai laushi ko kaurinsa ya kai santimita 3 haka zai yi.

Ana auna taurin ƙarfe da ma'aunin Brinell. Ƙarfen gini na yau da kullum bai cika wuce 120 zuwa 160 ba. Wanda ake yin allon harbi da shi, mai suna AR500, yana wajen 500. A wurin 'yan gwangwan ana dacewa da danginsa a jikin kayan da aka ƙera don jure gurzar dutse: bokitin motar haƙa ƙasa, shimfiɗar bayan tifa, da injinan fasa dutse. Wani lokaci za ka ga an buga Hardox 450 ko Hardox 500 a jiki, sunan da kamfanin SSAB na ƙasar Suwidin ke sayar da irin wannan ƙarfe da shi. In ka ga rubutun, ka yi sa'a. Sai dai ka duba ko gurza ta cinye shi ya zama wani gefe ya fi wani kauri, ko ya lanƙwashe.

In babu rubutu, ga gwaji biyu. Ka goge tsatsa a gefe ka ja magagari. A ƙarfe mai laushi zai kama, ya fitar da gari nan take. A mai tauri zai riƙa zamewa, da ƙyar ya bar zane. Sannan ka ɗora ƙusar alama ka buga da guduma sau ɗaya da ƙarfi. Mai laushi zai yi rami a fili, mai tauri ɗan ɗigo kawai zai nuna, wataƙila ma bakin ƙusar ne zai dakushe.

Waɗannan gwaje-gwajen suna raba mai laushi da mai tauri ne kawai, ba sa ba ka lamba. Don haka ra'ayina shi ne: ƙarfen da ba a san asalinsa ba, a tsayar da shi ga bindigar iska da ƙaramin harsashin dalma na .22. Ga bindigar iska ta wasa, faranti mai milimita 3 ya isa ko da mai laushi ne. Ga .22 a nemi milimita 6, kuma mai tauri ya fi. Bindiga mai babban harsashi kuwa sai AR500 na ainihi mai kaurin milimita 10. In ba ka same shi ba, ka harbi takarda a gaban tudun ƙasa. Ba abin da ka rasa sai ƙarar ƙarfe.

Mataki na 4: Akwatin tare dalma, don bindigar iska

Wannan shi ne abin da nake ba kowane sabon shiga shawara ya fara da shi. Ka samu kwali mai ƙarfi, kimanin santimita 30 ta kowane gefe. Ka sa farantin ƙarfe mai milimita 3 a bangon baya daga ciki. Sai ka cika shi da tsummoki, kana dannawa da ƙafa har sai ya ƙi karɓa. Ka cire maɓallai, da zif, da duk wani ƙarfe daga tufafin kafin ka cusa. Ka rufe ka naɗe da salatif, ka manna takardar saiti a gaba. Shi ke nan. Ƙwayar dalma za ta shiga ta sarƙe a cikin tsumma, babu ƙara, babu ɓarɓashi. Idan fuskar ta rarake, ka manna sabon kwali a kai. In babu tsummoki, yankakkiyar roba ko guntayen kafet da aka jera a tsaye suna yi. Soson katifa shi kaɗai ba ya yi, dalma ratsa shi take kamar babu.

In kana son mai ɗorewa, ka yi na katako. Ka haɗa akwati buɗaɗɗen gaba, faɗi santimita 30, tsawo 35, zurfi 30. A ciki ka jingina farantin ƙarfe a karkace, digiri 45, samansa yana kusa da kai, ƙasansa yana can baya. In ka juya shi akasin haka, sama zai riƙa cilla dalma. Hanyar samun digiri 45 ba tare da ma'auni ba: nisan da farantin ya ci daga gaba zuwa baya ya zama daidai da tsawon da ya ci daga sama zuwa ƙasa. Ka ɗaure shi da guntayen katako ta baya da gefe, kada kan ƙusa ya fito a fuskarsa. A ƙasan akwatin ka zuba yashi mai zurfin santimita 5, ka sa ɗan katako a gaba ya tare shi. A baki ka yi tsagi biyu da kwali zai riƙa zamewa a ciki, a kansa ake manna takarda.

Gefunan katakon da ke fuskantarka ka lulluɓe su da kafet, domin katako mai tauri yana dawo da ƙwayar da ba ta da ƙarfi. Wannan akwatin na dalma ne kawai. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe da wasu bindigogin iska ke harbawa ba sa bajewa, tsalle suke yi su dawo. Su sai akwatin tsumma.

Mataki na 5: Allon kibiya

Kibiya ba ta son a tare ta da ƙarfi, so take a riƙe ta a hankali, in ba haka ba ta lanƙwashe ko ta tsage. Hanya mafi sauƙi buhu ne. Ka sa buhu ɗaya cikin wani, ka cusa ledar naɗe kaya ko tsummoki kaɗan-kaɗan kana kirɓawa da sanda, musamman a kusurwoyi inda yake son zama fanko. Kaurinsa ya kai santimita 30 zuwa 40. Ka ɗinke baki da igiya, ka rataye shi a firam ta kusurwa huɗu. Rataye ya fi jinginawa da bango, domin ɗan lilon da yake yi yana shanye ƙarfin kibiya. Buhun da aka cusa daidai yana tsayar da kibiya, kuma da yatsu biyu ake zare ta.

Na kwali ya fi cin aiki amma ya fi daɗewa. Ka yanka kwalaye da yawa, kowane santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi. Ka jera su a kwance ɗaya kan ɗaya. Ka sa katako mai kauri a ƙasa da wani a sama, kowanne ya zarce kwalin da santimita 10 ta dama da hagu. Ka huda inda ya zarce, ka zura dogayen ƙarafa masu zare guda huɗu, ka ɗaura noti kana matsewa bi da bi har tarin ya tsaya a santimita 60. In babu ƙarafan, igiyar ɗaure kaya a mota tana yi. Gefen kwalin ake harbi, inda ake ganin layi-layi, kibiya ta shiga tsakaninsu su matse ta. In tana nutsewa da yawa ka ƙara matsi, in tana wuyar zarewa ka sassauta. Ka cire duk ƙusar da aka ɗinke kwali da ita tun wajen yanka. Gam ɗin kwali yakan manne a jikin kibiya, shafa mata busasshen sabulu yana rage wannan. Ruwa ne maƙiyinsa, ka rufe shi da leda in ka gama. Kibiyar farauta mai faɗin baki kuma ba ta dace da ko ɗaya cikin biyun ba, yanka su take yi, ta kuma maƙale.

Mataki na 6: Allon ƙarfe mai lilo

Fara da yanka. Zafi shi ne ke lalata ƙarfe mai tauri. Da ya haura digiri 250 a ma'aunin Celsius taurinsa ya fara gudu, kuma ba ya dawowa. In ka ga gefen ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, wurin ya yi laushi. Saboda haka kada a yanka da wutar gas. In da hali a kai inda ake yanka da ruwa mai ƙarfi ko da leza. In da injin hannu za ka yi, ka yi a hankali, kana tsayawa kana zuba ruwa nesa da injin. Mafi alheri ma ka zaɓi guntun da girmansa ya riga ya yi.

Huda biyu ake buƙata a kusurwoyin sama, kowace santimita 3 daga gefe, mai faɗin milimita 13. Bakin huda na yau da kullum ba ya cin wannan ƙarfe, ƙonewa yake yi. Sai mai kan kabaid, wani sinadari da ya fi ƙarfen tauri, a juya shi a hankali, a danna da ƙarfi, ana ɗiga mai. In farantin ya zo da hudarsa a inda ta dace, ka yi amfani da ita.

Mai walda zai ce maka ya fi sauƙi ya liƙa ƙugiya a baya. Ka ƙi. Walda tana tausasa daidai wurin har zuwa gaba, kuma girgizar harbi tana tsinka ta. Ƙusa mai noti ake sawa, mai kaurin milimita 12, mai zagayayyen kai, mai lambar ƙarfi 8.8 ko sama. Kan yana gaba, noti yana baya.

Abin ratayewa ka yanko bel ɗin roba ko tiyo, faɗin santimita 5, tsawon 40. Sarƙa tana yi, amma harsashi ɗaya ke tsinka ta, bel kuwa sai ya sha huda da yawa yana riƙe. Ga dabarar da ta fi komai amfani a wannan matakin: kada ka manna bel ɗin da bayan farantin. Ka zura ƙusa, ka ɗaura noti, ka ƙara washa ko noti na biyu har tazarar ta kai santimita 2 zuwa 3, sannan ka sa bel, ka rufe da washa da noti. Da yake wurin ratayar ya koma baya, farantin zai sunkuya da kansa, samansa ya leƙo gaba, ƙasansa ya ja baya. Ana son sunkuyon ya kai digiri 15 zuwa 20. Shi ke tura yawancin ɓarɓashi ƙasa, lilon kuma ya rage wa ƙarfen wahala. In bai sunkuya sosai ba, ka ƙara washa.

Firam ba ya son ado. Rodi huɗu masu tsawon mita 1.2 su zama ƙafafu, biyu-biyu a buɗe, da bututu mai tsawon mita ɗaya a gicciye a sama. Guntayen bututu da aka yi wa walda a bakin na saman, ƙafafun suna shiga ciki suna fita, sun isa, kuma za ka iya kwance shi ka ɗauka. A nan walda ba ta da laifi, sai dai in bututun mai rufin zinki ne a goge rufin tukuna a kuma yi aikin a fili, don hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Ka buɗa ƙafafun nesa da gefen farantin, saboda ɓarɓashi yana cin duk abin da ke daidai da fuskarsa. In katako ka samu ka yi da shi, ka dai san zai riƙa cinyewa.

Ƙarƙashin allon ya zama yashi ko ƙasa mai laushi, ba tsakuwa ko daɓen siminti ba. Ka share busasshiyar ciyawa, tartsatsi yana tayar da gobara. Ka fesa farin fenti, shi ke nuna inda aka samu.

Tazara tsakanin mai harbi da allon ƙarfe: bindigar iska mita 10. Ƙaramar bindigar hannu, dokar IPSC, wata ƙungiyar gasar harbi ta duniya, ba ta yarda a matso ƙasa da mita 7 ba, ni kuwa na fi son 15 ga allon da aka haɗa a gida, ga .22 kuma 25. Babbar bindiga mita 100. Ka kara maganaɗisu a kan harsashi, in ya kama akwai ƙarfe a ciki, ba a harba shi a allon ƙarfe.

Mataki na 7: Takardar saiti

Bayan kowace takarda mai kauri ya yi. In kana son ka gwada kanka da ma'aunin gasa, ga na ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, na doguwar bindigar iska a mita 10: da'irar waje faɗinta milimita 45.5, kowace ta ciki tana raguwa da milimita 5, har zuwa ɗigon tsakiya mai rabin milimita. Baƙin ya fara daga da'ira ta 4 in an ƙirga daga waje, faɗinsa 30.5. Tsakiyar tana tsayawa mita 1.40 daga ƙasa. Ta kibiya a mita 18 faɗinta santimita 40 ne, ta mita 70 kuma 122, launukan daga ciki rawaya, ja, shuɗi, baƙi, fari. Sabon shiga bai buƙatar duk wannan, baƙin ɗigo ɗaya ya ishe shi ya ga ko harbinsa yana taruwa wuri guda. Kwalaben gilashi kam ban ga dalilin harbinsu ba, sai barin abin da zai yanki ƙafar yaro ko dabba.

Mataki na 8: Gwajin farko da kulawa

Kowa da ke wurin ya sa tabarau, har mai kallo, kuma kowa ya tsaya bayan mai harbi. Ka fara daga nesa fiye da yadda ka yi niyya. Harbi ɗaya, ka sauke bindiga ka buɗe ta, ka je ka duba. A akwati da buhu ka leƙa baya ka ga ko wani abu ya ratso. A ƙarfe ka shafa da yatsa: in fenti ne kawai ya tashi, lafiya. In yatsanka ya ji rami ko tsaga, farantin bai dace da wannan harsashin ba, ka sauke shi. Dabara ɗaya mai amfani ita ce ka kafa babban kwali a tsakiyar tazara, ɗan gefe da layin harbi, fuskarsa tana kallon allon. Bayan harbi goma ka duba. In akwai ƙananan huji a jikinsa, ɓarɓashi yana dawowa, sai ka ƙara sunkuyo ko ka ja baya.

Duk ranar da za ka fara, ka sake shafa farantin, ka duba notuna da bel. Farantin da ya fara lanƙwashewa ana juya shi tun da wuri a yi amfani da bayansa, amma wanda ya yi ramuka ya gama aiki, ba a cike su da walda.

Dalma guba ce da ke taruwa a jiki, kuma ta fi cutar da yara da masu ciki. Kada a ci ko a sha a wurin harbi, a wanke hannu da sabulu da an gama. In za ka kwashe yashin akwati ka yayyafa masa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, ka tace da rariyar da ba ta komawa wani aiki. Dalmar da ka tara ka zuba a gwangwani mai murfi, ka ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, in ta yi yawa ka mayar wa 'yan gwangwan, suna saye.